Tagwayen Hanyoyin Shigar Sauti a Gidajen Rediyo: Nazarin Iyakar Kariyar SMPTE ST 2022-7

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta dabaru biyu na hana yankewar sauti tsakanin ɗakin shirye-shirye da na'urar watsawa: haɗa fakiti daga hanyoyi biyu, da sauya tushen sauti idan na farko ya mutu. Hujjar da aka kafa ita ce kowace dabara tana da irin matsalar da ba ta iya gani.

1.0 Haɗa fakiti

Ƙa'idar AES67 ta 2013 ta tsara aika sauti cikin fakitin RTP. A tsarin da aka fi amfani da shi, kowane fakiti yana ɗauke da milisakan 1 na sauti, wato samfura 48 a saurin 48 kHz. Ƙa'idar ST 2022-7, wadda ita ma ta fito a 2013, ta ce mai aikawa ya tura fakiti iri ɗaya sak ta hanyoyi biyu, injiniyoyi kan kira su ja da shuɗi. Mai karɓa yana duba lambar jerin kowane fakiti, ya ɗauki wanda ya iso lafiya, ya jefar da kwafinsa. Babu lokacin sauyi, don haka mai sauraro ba ya jin ko ƙyas.

Sharuɗɗan sai an kiyaye su. Ma'ajin jiran mai karɓa dole ya fi tazarar isowa tsakanin hanyoyin biyu, wadda bugun 2013 na ƙa'idar ya kasa zuwa aji-aji, daga milisakan 10 har 450. Agogon PTP ya zama ɗaya ga ɓangarorin biyu. Sannan hanyoyin su rabu da gaske. Da yawa daga cikin na'urorin Dante na kamfanin Audinate suna da kafa ta farko da ta biyu, kuma ba a haɗa su a layi ɗaya idan ana son kariya. A nan ake yawan yaudarar kai: na'urorin rarraba layi biyu da ke shan wuta daga janareta ɗaya, ko layukan intanet biyu da ke bin rami ɗaya, hanya ɗaya ce aka saya sau biyu.

2.0 Sauya tushe

Lahanin ST 2022-7 shi ne ba ta sauraron abin da ke cikin fakiti. Idan kwamfutar kunna shiri ta sandare, hanyoyin biyu za su isar da shiru cikakke ba tare da ko fakiti ɗaya ya ɓace ba. Sabar Icecast, mai watsa sauti ta intanet, ita ma haka take: tana mayar da masu sauraro kan tushen ajiya ne kawai idan tushen farko ya katse haɗi. Gano shiru sai an ƙara wata manhaja kamar Liquidsoap, ko na'urar da ke auna ƙarfin sauti.

Saita wa'adin shirun ne abin muhawara. In ya yi gajere, numfasawar mai sharhi ko tsaikon mai karatu zai jawo waƙar ajiya ta faɗo a tsakiyar shiri. In ya yi tsawo, mai sauraro ya riga ya murɗa zuwa wata tasha. Ra'ayin wannan nazari shi ne a bambanta wa'adin gwargwadon nau'in shiri, kuma a jinkirta komawa tushen farko har sai ya daidaita, domin layin da ke zuwa yana ɗaukewa zai sa na'ura ta yi ta tsalle tsakanin tushe biyu.