GnuPG: Tarihin Manhajar Kulle Saƙo da Mutanen da Suka Raine Ta

A ranar 5 ga Fabrairun 2015, 'yar jarida Julia Angwin ta fitar da wani rahoto a kafar ProPublica ta Amurka wanda ya sa manyan kamfanonin fasaha sunkuyar da kai. Manhajar da 'yan jarida da lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan Adam suke dogara da ita wajen kulle saƙonninsu, ashe kusan duk nauyinta a wuyan mutum ɗaya yake. Bajamushe ne mai suna Werner Koch, yana aiki daga gidansa a garin Erkrath kusa da Dusseldorf, kuma talauci ya kusa raba shi da aikin. Sunan manhajar GnuPG, wasu kan taƙaita su ce GPG.

Asalin labarin a Amurka yake. A 1991 Phil Zimmermann ya saki wata manhaja mai suna PGP, wadda ta miƙa wa talaka irin dabarar ɓoye saƙo da a da sai gwamnatoci da sojoji. Tsarin nata shi ne kowane mutum yana da mabuɗi biyu. Ɗaya na fili ne, yana raba wa duk wanda ya so. Ɗayan na sirri ne, ba ya barin hannunsa. Wanda zai aiko maka da saƙo sai ya kulle shi da mabuɗinka na fili, daga nan babu mai buɗe shi sai mai riƙe da na sirrin. Da na sirrin kuma ake sa hannu a kan takarda ko manhaja, don mai karɓa ya tabbatar daga ina ta fito, kuma ba a taɓa ta a hanya ba.

A wancan lokaci dokar Amurka tana lissafa irin wannan fasaha cikin kayan yaƙi, fitar da ita waje ba izini laifi ne. Da PGP ta bazu a duniya ta intanet, sai hukumomi suka buɗe bincike a kan Zimmermann a 1993, ba su rufe shi ba sai 1996, kuma ba tare da sun tuhume shi da komai ba. Ana cikin haka aka gano wata kafa: dokar ta hana fitar da manhaja, amma ba ta hana fitar da littafi ba. Maɗaba'ar jami'ar MIT ta buga rubutun ginin PGP a matsayin littafi a 1995. Bayan shekara biyu, da sabon samfuri ya fito, wasu masu aikin sa kai a Turai suka sayi kundayen da aka buga, suka bi su shafi bayan shafi suna mayar da su cikin kwamfuta, suna gyara kurakurai da hannu, har manhajar ta tashi a wajen Amurka ba tare da an karya doka ba. Dubban shafuka ne na rubutun da ba ya yafe kuskuren harafi ɗaya. Babu wanda ya biya su.

Duk da haka PGP ba ta kowa ba ce. Ta zama hajar kamfani, kuma wasu dabarun lissafin da ke cikinta, RSA da IDEA, suna da masu haƙƙin mallaka. Richard Stallman, wanda ya kafa shirin GNU a 1983 don samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin dubawa, gyarawa da rabawa, ya je Jamus a 1997 ya yi jawabi. Ya roƙi Turawa su rubuta madadin PGP, tunda doka ta ɗaure hannun Amurkawa. Koch yana cikin masu saurare. Ya koma gida ya duƙufa, ya kauce wa dabarun da ke da masu su, kuma a ranar 20 ga Disambar 1997 ya saki samfurin farko. Da fari ya sa mata suna g10, don tunawa da sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Jamus, wanda ya kare sirrin wasiƙa da sadarwa. Cikakken samfuri na 1.0 ya fito a Satumbar 1999, kuma a shekarar ma'aikatar tattalin arzikin Jamus ta ba da tallafi don manhajar ta yi aiki a kan Windows.

Kuskure ne a ɗauka Koch shi kaɗai ya yi komai, ko da yake haka rahotanni suka fi son nunawa. David Shaw ya yi shekaru yana rubuta sassa masu yawa na manhajar. Marcus Brinkmann ya taimaka wajen gina hanyar da wasu manhajoji suke bi su yi amfani da GnuPG. Niibe Yutaka daga Japan ya riƙe ɓangaren katin ajiye mabuɗi, har ya ƙera 'yar na'urar Gnuk wadda ke tsare mabuɗin sirri a wajen kwamfuta. Patrick Brunschwig a Suwizalan ya daɗe yana kula da Enigmail, wadda ta sa mai aika imel ta Thunderbird ya iya kulle saƙo ba sai ya zama gwani ba. Bayan waɗannan akwai masu fassara zuwa harsuna da dama, da masu rubuta littafin jagora, da masu amsa tambayoyin sababbin shiga, waɗanda sunayensu ba sa fitowa a jarida.

Akwai kuma wasu masu taimako da ba a cika ganin taimakonsu ba, wato masu neman aibu. A 2003 wani masani a Faransa, Phong Nguyen, ya duba rubutun manhajar ya gano rauni a wata hanyar sa hannu, aka cire ta. A 2013 Daniel Genkin da Adi Shamir da Eran Tromer suka nuna cewa daga siririyar ƙarar da kwamfuta ke yi tana lissafi za a iya zaƙulo mabuɗin sirri. Sun sanar da masu aikin, aka toshe kafar a watan Disambar shekarar. A ganina nan ne ƙarfin manhaja mai 'yanci yake. Abin da aka shimfiɗa a fili, mai son ka zai iya ganin ɓarakarsa ya gaya maka.

Yayin da ake wannan hidima, duniya ta jingina da GnuPG ba tare da ta lura ba. Shekara da shekaru tsare-tsaren Linux irin su Debian da Ubuntu da ita suka riƙa tantance sa hannun kowace manhaja kafin ta sauka a kwamfuta, kuma a kan Linux ne mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet suke tafiya. Amma kuɗi bai biyo baya ba. Koch ya kafa ɗan kamfani mai suna g10 Code a 2001 da niyyar samun abin riƙe kai daga kwangiloli. Gwamnatin Jamus ta sake ba shi kwangila, sai dai kwangilar ta ƙare a 2010. Daga baya dole ya sallami ma'aikacin da yake taya shi. Abin da yake samu a shekara bai wuce kimanin dala 25,000 ba, alhali mai irin ƙwarewarsa zai ninka haka sau da yawa a kamfani. Manhajar ta zama rijiyar unguwa, kowa na zuwa da gugarsa, ranar yasa kuwa sai a nemi mutane a rasa.

A farkon 2013 ya yi niyyar ajiye aikin. Sai ga tonon sililin Edward Snowden a watan Yuni, wanda ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA take tattara bayanan mutane. Da GPG Snowden ya tuntuɓi mai shirya fim Laura Poitras, har ya haɗa bidiyon koyar da ita don ɗan jarida Glenn Greenwald. Ganin haka Koch ya fasa tafiya. Ya buɗe asusun neman gudummawa, an samu wani abu, amma bai kai na ɗaukar ma'aikaci na dindindin ba.

Rahoton Angwin ne ya juya lamarin. Cikin kwana guda jama'a suka aiko da sama da dala 130,000. Dab da fitowar rahoton ma Gidauniyar Linux ta riga ta ware masa dala 60,000 daga asusun da ta kafa a 2014, bayan ɓarakar Heartbleed ta nuna cewa OpenSSL, wata manhajar tsaro da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita, ita ma 'yan tsirarun mutane ne ke riƙe da ita da gudummawar da ba ta taka kara ta karya ba. Kamfanonin Facebook da Stripe kowanne ya yi alƙawarin dala 50,000 duk shekara. Abin a yaba ne, amma a faɗi gaskiya: kamfanonin da ke juya biliyoyi sai da 'yar jarida ta nuna su da yatsa kafin suka tuna da wanda suke cin guminsa.

Da kuɗin aka ɗauki sababbin ma'aikata. Uku daga cikinsu sun bar aikin a 2017 suka kafa nasu mai suna Sequoia, saboda saɓanin ra'ayi kan yadda ya kamata a gina manhajar. Mafita mai ɗorewa ta zo ne bayan hukumar tsaron bayanai ta Jamus ta amince a yi amfani da GnuPG wajen kare wani rukuni na takardun sirrin gwamnati, hukumomi da kamfanoni suka soma biyan kuɗin samfuri na musamman da kulawar da ke tare da shi, ita kuwa manhajar ta ci gaba da zama ta kowa. A Janairun 2022 Koch ya sanar cewa aikin ya tsaya da ƙafarsa, ya roƙi masu aiko da gudummawa a kai a kai su daina, su karkata kuɗinsu ga wasu ayyukan da suka fi buƙata.