Fasahar FM a haɗa sauti: Yadda murya ke sarrafa na'urar kiɗa

Yawancin mutane sun san haruffan FM ne a akwatin rediyo. Sai dai wannan dabara ta sauya saurin kaɗawar igiya, wadda Edwin Armstrong ya yi wa rajista a Amurka a 1933, tana da wani amfani a fagen kiɗa, wato ƙirƙirar sautin da babu kayan kiɗan da ke fitar da irinsa.

Asali

John Chowning, mawallafin kiɗa a Jami'ar Stanford, shi ne ya gano hanyar a 1967 yayin da yake gwaji da kwamfuta, ya kuma wallafa bayaninta a 1973. Jami'ar ta bai wa kamfanin Yamaha na Japan lasisi, wanda a 1983 ya fitar da na'urar DX7 mai injinan sauti 6 da tsare-tsaren haɗa su 32. Sautinta ya mamaye waƙoƙin shekarun 1980.

Yadda take aiki

Ana buƙatar igiyoyin sauti biyu. Ta farko ita ce kunne ke ji, ta biyu kuwa aikinta ta riƙa ɗaga kaɗawar ta farkon tana sauke ta. Idan tana yin haka a hankali, sai a ji sauti yana rawa kamar muryar goge. Da zarar saurin ya haura kimanin sau 20 a daƙiƙa, kunne ya daina jin rawar, sai ya ji launin sautin ya canza, domin sababbin sautuka sun ɓullo a sama da ƙasan na asali.

Dangantakar igiyoyin biyu ce ke yanke hukunci. In saurin ɗaya ya ninka na ɗaya daidai, kamar sau 2 ko sau 3, sautin kan fito tsaf kamar na sarewa ko kakaki. In ba haka ba, sai ya koma amon ƙararrawa ko na ƙarfe. Chowning ya gina kiɗansa mai suna Stria na 1977 a kan irin wannan amo.

Shigo da sauti daga waje

Masu gwaji sukan cire igiya ta biyu, su maye gurbinta da murya, bugun ganga ko ƙarar titi da aka naɗa. Na'urar SY77 ta Yamaha, wadda ta fito a 1989, ta ba da damar yin haka da sautukan da ke cikinta, yayin da manhajar FM8 ke karɓar sauti daga waje.

A nan ne wahalar take. Murya guda tana ɗauke da igiyoyi masu yawa, kowace kuma tana haifar da nata sababbin sautuka. Ƙarin ƙarfi kaɗan ya isa ya mayar da komai hayaniya. Shi ya sa ƙwararru kan tace muryar tukuna, su rage mata kaifi, su fara da ƙarfi kaɗan, sannan su riƙa ƙarawa sannu a hankali. Wasu kuma ƙarfin muryar kawai suke ɗauka, ta yadda sautin zai yi kaifi idan mawaƙi ya ɗaga murya, ya lafa idan ya sassauta.

Ana amfani da sakamakon a fina-finai, wasannin bidiyo da kiɗan lantarki, musamman wajen ƙera muryoyin mutum-mutumi da halittun almara.