Tsakanin Yelwa da Gubi: Tarihin Ƙasa da Rayuwar Karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, Bauchi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ta fuskar wurin da take zaune da kuma lokacin da aka kafa ta. Hujjar maƙalar ita ce, rabuwar jami'ar gida biyu, Yelwa da Gubi, gado ne na faɗuwar kuɗin man fetur a farkon shekarun 1980, kuma wannan rabuwa ce ke tsara yinin ɗalibi da na malami har yanzu. An kwatanta ta da Jami'ar Legas da ke bakin ruwa domin a ga yadda ƙasa ke juya rayuwar makaranta.

1.0 Haihuwa a Ƙarshen Daula

A shekarar 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bauchi, tare da takwarorinta na Owerri da Makurɗi. Akure da Yola suka biyo baya a 1981, sai Minna da Abeokuta a 1983. Manufar a fili take: ƙasa na son injiniyoyi da masana kimiyya da za su riƙe masana'antun da kuɗin mai ke ginawa. Bauchi kuwa tana da abin nunawa a lokacin. Akwai kamfanin Steyr mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci a cikin gari, akwai kamfanin sarrafa nama, ga kuma siminti a Ashaka, wadda a wancan zamani tana cikin Jihar Bauchi kafin a cire Gombe a 1996.

An ɗauki ɗaliban share fage a watan Oktoba na 1981, karatun digiri ya kankama a 1982. Sai dai a wannan shekara ta 1982 ce gwamnati ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, domin gangar mai da ta haura dala 35 a 1980 ta fara gangarowa, har ta faɗi ƙasa da dala 15 a 1986. Sojojin da suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba 1983 sun ga cewa jami'o'in fasaha bakwai sun fi ƙarfin baitulmali. A watan Oktoba na 1984 aka liƙa Bauchi ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Makurɗi ga Jos, Yola ga Maiduguri, Abeokuta ga Legas. A nan ne sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fara hawa kanta, a matsayin kwaleji. Gwamnatin Babangida ta dawo mata da 'yancinta a 1988.

Sunan ya dace da ita fiye da yadda ake lura. Kafin siyasa, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne da ya shugabanci makarantar Midil ta Bauchi, kuma kabarinsa na cikin garin.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne, shekaru takwas na farko, waɗanda ya kamata a ce an yi su ana zuba harsashin mazaunin dindindin, sun tafi a talauci da zaman ƙarƙashin wata jami'a. Da 'yanci ya dawo kuma, ya tarar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira. Mazaunin wucin gadi na Yelwa sai ya zama gida.

2.0 Mazauni Biyu

Yelwa tana kan hanyar Dass, a cikin hayaniyar gari. Jami'ar ba ita kaɗai ba ce a yankin: Kwalejin Fasaha ta Tarayya na Gwallameji, Kwalejin Aikin Gona ta jiha na nan kusa. Wannan taruwar makarantu ta haifar da tattalin arziki na kansa. A Yelwan Tudu da Sabon Kaura da Gwallameji da Rafin Zurfi, masu filaye sun gina jerin ɗakuna ciki da banɗaki domin haya ga ɗalibai. A bakin ƙofar makaranta za a ga shagunan buga takardu da ɗaure kundin kammala karatu, janareto na ruri a bayansu, kusa da mai shayi da mai masa da mai cajin waya. Ɗalibin da bai samu gado a ɗakin kwanan makaranta ba yakan haɗa kuɗi da abokai biyu ko uku su kama ɗaki guda, su raba kuɗin ruwa da na wuta, su yi girki a risho ɗaya.

Gubi kuwa tana wajen gari a kan hanyar Ningi, kusa da madatsar ruwan da ke shayar da birnin Bauchi. Fili ne mai faɗi, da duwatsu da rafuffuka, kuma can ne aka nufa da zama na dindindin. An kwashe wasu tsangayoyi zuwa can, an gina ɗakunan kwana, amma ƙaurar ba ta kammala ba. Sakamakon haka, malamin da ke da darasi a nan da taro a can dole ya ratsa gari, ɗalibin da ke zaune a Yelwa yana karatu a Gubi kuma ya lissafa kuɗin mota a cikin kuɗin abincinsa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi. Layin jiran motar makaranta da sassafe ya zama wani ɓangare na jadawalin karatu, ko da yake ba a rubuta shi a ciki ba.

Ba Bauchi kaɗai ke da wannan hali ba. Jami'ar Bayero na da tsohon mazauni da sabo a kan hanyar Gwarzo, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma haka take a Sakkwato. Jami'ar Legas, wadda aka kafa a 1962, matsalarta ta sha bamban. Mazauninta na Akoka yana bakin ruwan Legas, ruwa ya tare ta ta gefe guda, gari ya matse ta ta sauran, don haka ba ta da inda za ta miƙe ƙafa sai dai ta yi sama da gini. Legas tana fama da ƙarancin fili, Bauchi tana fama da yawansa. Fili mai yawa kuwa yana cin titi da gada da magudanar ruwa da fitila da masu gadi, kuma waɗannan su ne abubuwan da ake jinkirtawa idan kuɗi ya yi kaɗan, domin ba su da kwarjinin da babban ɗakin taro ke da shi ranar buɗewa.

Daren 5 ga Agusta 2019 ya nuna tsadar wannan jinkiri. An tafka ruwan sama a Gubi, ɗalibai na komawa ɗakunan kwana daga wuraren karatu, lokacin jarrabawa ne. Wata ƙaramar gadar ƙafa ta ƙarfe da ke kan rafi ta karye da su. Aƙalla ɗalibai uku suka rasu, wasu suka jikkata, aka yi zanga-zanga, hukuma ta rufe makarantar na ɗan lokaci. Agusta shi ne watan da ruwa ya fi yawa a Bauchi kowace shekara, kuma rafin da ake tsallakawa da ƙafa a watan Maris yakan cika ya batse a cikin sa'a guda da damina. Ga jami'ar da ke koyar da injiniyancin gine-gine, wannan lamari ne mai ɗaci.

3.0 Karatun da Makomarsa

Digirin fasaha a nan shekara biyar ne, kuma a cikinsa akwai watanni na koyon aiki a masana'anta ƙarƙashin shirin SIWES. A aikace shekarun sukan zarce biyar. Yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU ya cinye daga Maris zuwa Disamba a 2020, ya sake cinye daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba a 2022. Masu gidajen haya a Yelwa ba su rage ko kwabo ba saboda yajin aiki.

Koyon aikin ma ya canza fuska. Masana'antun da aka kafa jami'ar domin ta yi musu hidima sun durƙushe ko sun rage aiki, Steyr a sahun gaba. Ɗalibin injiniya a yau yakan nemi gurbi a ma'aikatar ayyuka, ko kamfanin gine-gine, ko gareji, ko ya tafi Kano da Kaduna da Abuja idan yana da ɗan'uwan da zai sauke shi.

Duk da haka jami'ar ta faɗaɗa. A 2010 aka mayar da Asibitin Ƙwararru na Bauchi asibitin koyarwa, karatun likitanci ya samu wurin zama, wanda hakan ya ƙara wuri na uku da ɗalibai ke zirga-zirga zuwa gare shi. Darussan kasuwanci da gudanarwa su ma sun ja jama'a. A 2017 Ministan Ilimi Adamu Adamu, ɗan Jihar Bauchi, ya umarci jami'o'i na musamman su tsaya ga abin da aka kafa su dominsa. Muhawarar ba ta mutu ba. Masu goyon bayan umarnin na ganin ɗakunan gwaje-gwaje ne ke shan wahala idan aka raba ɗan kuɗin da ake da shi. Masu adawa na tambayar inda ɗan Bauchi mai son karanta lissafin kuɗi zai nufa, tun da wannan ce jami'ar tarayya da ke ƙofar gidansa. Marubucin nan na ganin ɓangare na biyu ya fi kusa da halin da iyaye ke ciki, muddin ba a yi faɗaɗar da kuɗin kayan aikin injiniyoyi ba.

Akwai kuma sashen injiniyancin man fetur, wanda a da ake yi masa kallon baƙo, ganin cewa rijiyoyin mai suna can gaɓar teku. A watan Nuwamba na 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe. Idan aikin ya ɗore, ɗaliban sashen za su samu filin koyon aiki a cikin jiharsu. Idan ya tsaya, za su ci gaba da neman gurbi a Fatakwal da Warri kamar yadda yayyensu suka yi.