Yadda Haraji da Jiragen Ruwa Suka Raba Masu Shayi da Masu Gahawa

An saba tsokanar Baturen Ingila da cewa ko gobara ta tashi sai ya fara ɗora butar shayi, shi kuwa Bafaranshe sai ya wuni a bakin titi kan ɗan ƙaramin kofin gahawa yana gardama. Masu wannan raha suna ɗaukar abin kamar halin jini ne da aka gada daga kaka da kakanni. Tarihi bai goyi bayansu ba. Farashi ne, da haraji, da ƙasashen da kowannensu ya mallaka, suka koya wa harshensa abin da zai so.

Da gahawa Ingila ta fara. An buɗe gidan shan gahawa na farko a Landan a 1652, shekaru 34 kafin a buɗe shahararren Procope na Paris, kuma a irin waɗannan gidajen fatake da 'yan siyasa suke haɗuwa. Shayi ya sami martaba a fada bayan 1662, lokacin da Sarki Charles na Biyu ya auri gimbiya Catherine ta Fotugal, amma ya daɗe yana abin masu hannu da shuni. Harajinsa ya yi ta hauhawa har ya kai kashi 119 cikin ɗari, 'yan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa. A 1784 gwamnatin William Pitt ta sassabe shi zuwa kashi 12 da rabi. Kamfanin East India, wanda shi kaɗai ke da izinin shigo da ganyen daga Sin, ya ninka cinikinsa, daga baya kuma aka buɗe gonakin Assam a Indiya, aka yi gwanjon shayinsu na farko a Landan a 1839. Leburan masaƙa ya sami abin sha mai zafi, mai sukari, mai arha. Faransa kuwa ta dasa gahawa a Martinique a shekarun 1720, kuma kafin 1789 yankin mallakarta da yau ake kira Haiti yana noma kusan rabin gahawar duniya, da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. Wannan ɓangaren ba abin dariya ba ne, haka ma sukarin da ke cikin shayin Ingila.

Wani zai ce yanayi ne: ƙasa mai sanyi da ruwan sama ai shayi ya dace da ita. Kanada ta rushe wannan hujjar. Ta fi Ingila sanyi nesa ba kusa ba, ta koma hannun Ingila tun 1763, mutanenta sun daɗe suna shan shayi, har yau ma ba a raba 'yan Newfoundland da shi. Amma yanzu gahawa ta rinjaya a ƙasar, kuma ba irin ta Paris ba. Babban kofin takarda ne, da madara da sukari, a saya ta tagar mota a wuce, irin na maƙwabciyarta Amurka. Shagon gahawa na Tim Hortons da aka buɗe a Hamilton a 1964 ya fi tarihin mulkin mallaka tasiri a kan safiyar ɗan Kanada.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce al'ada takan rayu bayan dalilinta ya mutu, kuma na yarda da ita. Faransa ta rasa Haiti bayan tawayen bayi na 1791, yaƙin Napoleon ya toshe hanyoyin teku, amma Faransawa suka gwammace su soya saiwar wata shuka su jiƙa a madadin gahawa da su koma shayi. Sai dai wannan yana bayyana dalilin ɗorewar abin ne kawai, asalinsa yana nan a littafin kwastan. Mu ma muna ganin sawunsa a teburin mai shayi: burodin Kano mai kusurwa huɗu ne irin na Ingila, na Maraɗi dogo ne siriri irin na Faransa, alhali masu cinsa dangin juna ne.