Tsohuwar Wayar da Ta Ƙi Ritaya

Duk injiniyan da ya taɓa rubuta umarnin `screen /dev/ttyUSB0 9600` a baƙin allon Linux ya ambaci sunan wata na'ura da ta daɗe da barin ofisoshi. Haruffan nan uku, tty, an gutsuro su ne daga Teletype, keken rubutu mai aiki da lantarki wanda kamfanonin dillancin labarai suke aika rahoto da shi tun kafin zuwan kwamfuta.

A 1963 kamfanin Teletype na Amurka ya fito da samfurin Model 33, mai buga harafi 10 a daƙiƙa ɗaya. Arharsa ta sa jami'o'i da ɗakunan bincike suka mayar da shi bakin da ake magana da kwamfuta. Da ire-irensa Ken Thompson da Dennis Ritchie suka yi aiki bayan sun fara gina Unix a Bell Labs a 1969. Tsarin nasu yana ɗaukar kowace na'ura tamkar fayil da ake karantawa ana rubutawa, don haka keken ya sami gurbi a ƙarƙashin `/dev`. Keken ya tafi, sunan ya zauna.

Ita kuwa wayar da ke haɗa su, ƙa'idarta RS-232 ce, wadda ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ta fitar a 1960. Bayanai suna bin ta ɗigo bayan ɗigo, kamar ayari a ƙunƙuntar hanya. A yadda aka saba amfani da ita, babu agogon da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai, saboda haka dole su amince da gudu ɗaya tun kafin a fara. Idan wannan yana 9600 wancan yana 115200, abin da zai bayyana a allo tarkacen alamomi ne marasa ma'ana. Ma'aunin gudun, baud, ya samo suna daga Émile Baudot, injiniyan telegiraf ɗan Faransa na ƙarni na 19.

Manhajojin haɗawar sun zo bi da bi: `cu` a cikin Unix, Kermit daga Jami'ar Columbia a 1981, sai `screen` da `minicom`. Bayan fitowar USB a 1996, kafar mai ƙusa tara ta riƙa ɓacewa daga kwamfutoci, har aka koma sayen 'yar mahaɗa a madadinta.

Amma masu ƙera na'urorin sadarwa ba su saki tsohuwar kafar ba, kuma suna da hujja. Kuskuren saiti guda yana iya rufe duk hanyar shiga na'urar da ke rarraba intanet a banki ko asibiti. Wannan waya ba ta buƙatar adireshin intanet, ba ta jiran cibiyar sadarwa ta farfaɗo. Sai injiniya ya je da ƙafarsa, ya jona ta, ya daidaita gudu, ya danna Enter, na'urar ta amsa. Da tsohuwar zuma ake magani.