Daga Wasiƙar Alhazai Zuwa Starlink: Wa Ke Riƙe Da Sirrin Hausawan Sudan?

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar ta Sudan, a garin da har yau ake kira Maiurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, alhazai da 'yan cirani daga ƙasar Hausa suka ƙara kafa ƙauyuka a yankin.

Tun a wancan zamani saƙon waɗannan mutane bai tsira daga idon hukuma ba. Turawan Ingila sun tsorata da Mahadiyya, suka sa ido a kan wasiƙun da matafiya ke ɗauka tsakanin Sudan da Najeriya. A 1923 aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, aka kai shi Buea ta Kamaru, bisa zargin hulɗa da Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi.

Da zamanin intanet ya zo, hukunci na farko daga Amurka ya fito. Takunkumin 1997 ya hana kamfanoninta ciniki da Sudan, har ta kai ɗalibi a Wad Madani ba ya iya sauke manhajoji da dama da takwaransa na Kano ke saukewa cikin sauƙi. Sai a 2015 aka sassauta a kan kayan sadarwa, aka ɗage mafi yawan takunkumin a 2017. Amma takunkumin da ya danne talaka bai hana gwamnatin Umar al-Bashir samun abin da take so ba. Takardun kamfanin Hacking Team na Italiya da suka fallasa a 2015 sun nuna hukumar leƙen asirin Sudan ta sayi manhajarsa ta kutse cikin wayoyi a 2012.

Dokokin cikin gida ma haka suke. Dokar laifukan intanet ta 2007, da wadda ta gaje ta a 2018, da gyaran 2020 da ya tsananta hukunci, duk sun fi mayar da hankali ga ladabtar da mai rubutu, ba kare bayanansa ba. A ranar 3 ga Yuni 2019 sojoji suka rufe intanet fiye da wata guda. Lauya Abdul'azim Hasan ya kai kamfanin Zain kotu ya ci nasara, amma da farko layinsa kaɗai aka buɗe. An sake rufewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021.

Hausawa sun ɗanɗana ɗaya ɓangaren matsalar a 2022, lokacin da rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe ɗaruruwan mutane, dubbai suka bar gidajensu. Kalaman ƙiyayya masu cewa Bahaushe baƙo ne suka yi ta yawo a Facebook da WhatsApp, babu hukumar da ta iya tilasta wa Meta, kamfanin da ya mallake su, ya ba da bahasi.

Yaƙin da ya fara a Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ƙarasa abin da ya rage. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamba, sannan layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairu 2024. Mutanen Jazira suka koma biyan kuɗin awa a wuraren Starlink, da yawansu a hannun masu bindiga, domin su karɓi tallafin dangi ta manhajar Bankak. Wanda ya buɗe asusunsa a gaban mai bindiga, ina sauran sirri?

Najeriya ta kafa dokar kare bayanai a 2023, ta kuma ci tarar Meta dala miliyan 220 a 2024. Sudan ba ta da cikakkiyar doka irin wannan. Duk ranar da aka zauna gina ƙasar bayan yaƙi, wajibi ne shugabannin Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu su nemi dokar da za ta ɗaure hannun gwamnati da na kamfani baki ɗaya, ta kuma haramta rufe layi ba tare da umarnin kotu ba.