Yadda Aka Yi Kwanson Harsashi Ya Koma Baƙin Ƙarfe

Yau mun ɗan ajiye maganar waya da data, tarihi za mu taɓa.

In ka taɓa lura a fim ko a hotunan labarai, wani kwanson harsashin ruwan gwal ne, wani kuma toka-toka ko kore-kore. Na farkon tagulla ce, wato jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Na biyun baƙin ƙarfe ne aka shafe shi da wani irin fenti don kada ya yi tsatsa.

To me ya kawo shi? Yaƙi da tsadar jan ƙarfe. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta shiga ƙarancinsa, sai ta koma yin kwanso da baƙin ƙarfe. Ita ma Amurka a 1943 ta yi hakan a masana'antar Evansville da kamfanin Chrysler ke gudanarwa, kai a shekarar har kwabonta na senti ɗaya da baƙin ƙarfe ta buga shi. Yaƙi na ƙarewa ta koma kan tagullarta. Tarayyar Sobiyet kuwa ta riƙe abin gam.

Ga inda gizo ke saƙa. Da an harba, tagulla tana buɗewa ta toshe ɗakin harsashin tsaf, sannan ta ɗan tsuke ta fito salin-alin. Baƙin ƙarfe ba ya toshewa haka, sai hayaƙin albarushi ya riƙa komowa baya yana tara dauɗa, wata rana kwanso ya maƙale. Injiniyoyin Sobiyet sun san da wannan. Harsashinsu na 7.62x39 da ya samo asali a 1943 gindinsa ya fi faɗi, yana tsukewa zuwa sama, don haka cire shi ba wuya. A kansa Mikhail Kalashnikov ya gina AK-47, wadda sojojinsu suka karɓa a 1949. Ka ga kenan bindigar da harsashin tare suka tashi.

Rigima ta taso ne bayan rushewar Sobiyet a 1991, lokacin da masana'antun Tula da Barnaul suka fara tura harsashi mai araha kasuwar Amurka, masu AR-15 suka yi ta saye. Shi kuwa kwanson 5.56 kusan miƙaƙƙe ne, bai da wancan tsukewar sosai. Kamar dai ka sa wa waya cajar da ba tata ba: tana yi, amma ba kullum lafiya lau ba.

A 2013 kamfanin Lucky Gunner ya fitar da sakamakon gwaji da bindigogi huɗu, an ware wa kowace harsashi 10,000. Mai amfani da tagulla ba ta cije ko sau ɗaya ba, mai Brown Bear sau 9, mai Wolf sau 15. A ganina wannan bai kai yadda ake zuzuta matsalar ba. Babbar ɓarnar a cikin bututun bindigar ta bayyana, ya cinye da wuri, kuma laifin na kan harsashin ne mai rigar baƙin ƙarfe, ba kwanson ba.

A watan Agustan 2021 Amurka ta sanar da daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, cikin takunkumin da ta ƙaƙaba kan gubar da aka sa wa Alexei Navalny.